Fetur ko dizal: yadda za ka zaɓi motar hannu ba tare da ka sayo wa kanka wahala ba

Duk wanda ya fara neman motar hannu sai ya ci karo da mutum biyu. Na farko zai ce maka dizal ka saya, injinta ba ya mutuwa, ga shi ba ta shan mai. Na biyu zai ce kul, kada ka kusanci dizal, ranar da ta lalace sai ka sayar da wani abu kafin ka gyara ta. Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa, sai dai gaskiyar tasa tafiyar ce, ba taka ba. Mai yin doguwar hanya kullum da mai kai yara makaranta ya dawo ba mota ɗaya suke buƙata ba. Saboda haka kafin ka je kallon kowace mota, kanka za ka fara dubawa.

Mataki na farko: lissafa tafiyarka

Ɗauki takarda ka rubuta yadda makonka yake. Daga gida zuwa wurin aiki kilomita nawa ne? Minti nawa kake yi a hanya, kuma nawa ne daga ciki kake tsaye a cunkoso? Sau nawa a wata kake hawa babban titi ka yi tafiyar rabin awa ko fiye ba tare da tsayawa ba? Kana ɗaukar kaya masu nauyi, ko kana jan wani abu a baya? Ka rubuta abin da kake yi a zahiri, ba abin da kake fatan yi ba. Mutane da yawa suna sayen mota saboda doguwar tafiya guda biyu da suke yi a shekara, alhali sauran kwanakin duk a cikin gari za ta yi su.

Ni ma'aunin da nake amfani da shi ke nan. Idan ba ka kai kilomita 15,000 a shekara, kuma yawancinta gajeruwar tafiya ce, fetur ce taka, magana ta ƙare. Idan kana wuce kilomita 25,000 kuma mafi yawa a buɗaɗɗen titi, dizal ta cancanci ka dube ta da kyau. Wanda ya faɗo tsakani shi ne zai fi buƙatar sauran matakan.

Mataki na biyu: san abin da ya raba injinan

Ba sai ka zama bakanike ba, amma akwai abu ɗaya da in ka gane shi, sauran duk za su zo maka da sauƙi. Injin fetur, wanda ya samo asali daga injin da Nikolaus Otto ya kammala a 1876, yana haɗa iska da mai ya matse su, sannan fulogi ya ba da tartsatsi su kama. Injin da Rudolf Diesel ya samu ya yi aiki a 1897 ba shi da fulogin tartsatsi. Iska zalla yake matsewa har ta yi zafin gaske, sai a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Injin fetur yakan matse abin da ke cikin silinda kamar sau 9 zuwa 12, na dizal kuwa daga sau 15 zuwa sama da 20.

Daga wannan matsi komai ya samo asali. Shi ya sa injin dizal yake da nauyi da kaurin ƙarfe, shi ya sa yake da wannan ƙara mai kama da ƙwanƙwasa, shi ya sa yake buƙatar batir da kik masu ƙarfi. Shi ne kuma ya sa yake fitar da aiki mai yawa daga kowace lita, ga shi ita kanta litar dizal ta fi ta fetur ƙunsar makamashi da kusan kashi goma cikin ɗari ko ɗan fiye. Ƙarfin jan dizal yana zuwa tun injin bai juya da yawa ba, wajen juyi 1,500 zuwa 2,500 a minti, don haka hawan tudu da kaya ba ya yi mata wuya. Fetur sai ka taka totur ta juya sosai kafin ta ba ka ƙarfinta, amma ta fi shiru, ta fi sauƙin jiki, kuma tana saurin ɗumama. Wannan saurin ɗumamar ka riƙe shi, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: yi lissafin mai da kanka

Kada ka yarda da cewar wani wai dizal ta fi arha. Ka nemo yawan shan man motocin biyu da kake tunani, kuma ka fi ba da ƙarfi ga abin da masu tuƙa su ke faɗa, domin adadin da kamfani ke rubutawa yakan gaza na zahiri. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, ta fetur tana shan lita 8 a kilomita 100, ta dizal kuma lita 6. Mai tafiyar kilomita 10,000 a shekara zai sayi lita 800 na fetur ko 600 na dizal, bambanci lita 200. Mai kilomita 30,000 bambancinsa lita 600 ne.

Yanzu sai ka ninka kowanne da kuɗin litarsa a inda kake. A wannan misali, idan litar dizal ta fi ta fetur tsada da kashi ɗaya cikin uku, ribar ta tafi gaba ɗaya, domin lita shida mai tsada ta zama daidai da lita takwas mai sauƙi. Abin da ya rage bayan nan shi ne ribarka ta shekara, kuma daga cikinta za ka cire ƙarin kuɗin sayen motar in ta dizal ɗin ta fi tsada, da bambancin kuɗin sabis, da haraji ko inshora in sun bambanta a ƙasarku. Sannan ka je shagon kayan gyara ka tambayi kuɗin nozul ɗaya na wannan injin, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, da kuɗin turbo, na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin. In ribar shekara biyu ba za ta sayi nozul huɗu ba, to ba girin-girin ba, ta yi mai, dizal ɗin nan ba ta yi maka komai ba.

Mataki na huɗu: wace irin dizal ce?

Nan ne mafi yawan masu saye suke faɗawa rami, don haka zan daɗe a kai. Sunan da dizal ta yi na ƙarko, tsofaffin injuna ne suka samo mata shi, masu famfon mai na ƙarfe zalla, babu kwamfuta, babu komai a salansa sai bututu. Irin waɗannan ko man bai da kyau sosai haka za su haɗiye su ci gaba. Dizal ta zamani wata aba ce daban. Tun daga 1997, lokacin da Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da ake tara mai a bututu ɗaya mai tsananin matsi ana rarraba wa nozuloli ta hanyar lantarki, kusan kowane kamfani ya koma can. Matsin man a irin wannan tsari yana kai bar (ma'aunin matsi) 1,600 zuwa 2,000, wani ma ya wuce. Tayar motarka bar biyu da ɗoriya take ɗauka, ka kwatanta. Ramukan nozul ɗin sirara ne kamar gashin kai, kuma man da kansa shi ne ke shafe famfon don kada ya cinye kansa. Ɗan ruwa ko ɗan datti a cikin mai ya isa ya kashe famfo, shi kuma in zai mutu sai ya watsa garin ƙarfe cikin nozuloli duka.

Sai kuma kayan tace hayaƙi. Dokokin Turai sun yi ta ƙara tsauri, kuma motoci da yawa da ke yawo a kasuwannin duniya bisa waɗannan dokoki aka ƙera su. Daga matakin dokar da ake kira Euro 5, wanda ya fara aiki a 2009, kusan kowace ƙaramar motar dizal tana ɗauke da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Aikinta ta kama baƙin ƙurar hayaƙi. In ta fara cika, kwamfutar motar sai ta ƙara fesa mai don salansar ta yi zafi har wajen digiri 600, ƙurar ta ƙone. Wannan ƙonawa tana son injin da ya ɗumama da tafiya miƙaƙƙiya ta kamar minti 15 zuwa 20. Ka ga inda matsalar take: injin dizal ba ya saurin ɗumama, kai kuma tafiyarka minti goma ce. Kullum motar ta fara ƙona tokar sai ka kashe ta. Man da aka ƙara fesawa bai gama aikinsa ba, sai wani ya zurare ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Matatar tana ƙara toshewa, fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, wata rana motar ta ƙi wuce wani ɗan gudu ko da ka danne totur har ƙasa.

Akwai kuma bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin don rage zafin ƙuna. Shi ma tafiyar cikin gari tana cika shi da baƙin maiƙo har ya ƙame. Daga Euro 6, wajen 2014 zuwa 2015, motoci da yawa suka ƙara tankin AdBlue, wani ruwa mai kashi 32.5 cikin ɗari na sinadarin yuriya da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi. In ya ƙare, motar za ta gargaɗe ka, in ka yi kunnen uwar shegu, ranar da ka kashe ta ba za ta sake tashi ba sai ka zuba. Haka aka tsara ta da gangan.

Duk waɗannan kaya an yi su ne don dizal mai ƙarancin sulfa. A Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba. In man da ake sayarwa a inda kake ya fi haka nesa, matatar da sauran kayan salansa ba za su yi tsawon rai ba, ko da tafiyarka ta dace da su. Ka bincika wannan kafin komai.

Wani zai ce ai sai a cire matatar a gyara kwamfutar, shi ke nan. Ana yi, amma a ƙasashe da yawa laifi ne kuma motar ba za ta ci gwajin lafiya ba. In aka yi aikin da hannun hagu, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago, motar ta riƙa hayaƙi tana ɓata turbo. Kuma hayaƙin ba abin wasa ba ne, tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

Kada kuma ka ɗauka kowace fetur mai sauƙin kai ce. Ƙananan injunan fetur na zamani masu turbo, waɗanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, sun aro rabin rikicin dizal: famfo mai matsi, nozul mai tsada, da baƙin dattin da ke taruwa a bayan bawul saboda fetur ba ya bi ta nan ya wanke shi. In sauƙin gyara kake nema, injin fetur marar turbo, mai fesa mai ta bututun iska, shi ne ya fi kowanne kwanciyar hankali.

Mataki na biyar: wa zai gyara maka?

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake shi. Kusan kowane bakanike zai iya canza fulogi da kwayil. Ba kowa ke da na'urar gwada nozul na zamani ba, kuma wasu nozulolin sai an shigar da lambarsu cikin kwamfutar mota bayan an ɗaura. Ka sami wanda ya san wannan injin takamaimai, ka tambaye shi abin da ya fi kawo irin motar garejinsa, da kuma ko ana samun kayanta a kusa. In kana zaune a babban birni mai dokar hayaƙi, ka duba ita ma. A Landan, tun Afrilun 2019, motar fetur mai matakin Euro 4 tana shiga yankin da aka keɓe ba tare da biyan kuɗi ba, amma ta dizal sai ta kai Euro 6. Irin wannan doka, da abin kunyar da ya fallasa a Satumban 2015 cewa Volkswagen ya sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar yaudarar gwajin hayaƙi, sun rage wa dizal farin jini a wurare da yawa, kuma hakan yana shafar abin da za ka samu ranar da kai ma za ka sayar.

Mataki na shida: je ka gan ta da sanyin safiya

Ka gaya wa mai motar kada ya tayar da ita kafin ka zo. Da isarka, kafin a gama gaisawa ma, ɗora tafin hannunka a kan bonet. Na taɓa zuwa duba wata dizal da sassafe, raɓa ta kwanta a kan rufinta da gilasanta, amma bonet ɗin a bushe yake ƙayau, da ɗumi. Mai ita ya ce matsar da ita kawai ya yi. Na ce zan dawo gobe, a bar mini makullin a hannun maƙwabci. Washegari sai da kik ya yi ta juyawa kamar zai cinye batir kafin ta kama, ta tashi tana rawa, farin hayaƙi mai yaji ya cika wurin har idona ya kawo ruwa. Injin mai zafi yana ɓoye rabin ciwonsa.

Kafin ka tayar, buɗe bonet. Zaro sandar gwada baƙin mai. A injin dizal, baƙin mai yana yin baƙi ƙirin kwanaki kaɗan bayan juye, wannan ba laifi ba ne. Abin da za ka duba shi ne ko ya haura alamar cika. In ya haura kuma yana warin dizal, ya yi ruwa-ruwa tsakanin yatsunka, to mai yana zurarewa ciki, kuma ka san labarin da ke bayan haka. A injin fetur kuwa, baƙi mai kauri kamar kwalta alama ce ta wanda ba ya juye a kan lokaci. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka leƙa ƙasansa. Fari-farin maiƙo mai kauri yana iya nufin ruwa ya shiga, ko dai daga gasket ɗin top silinda ko daga yawan gajeruwar tafiya. Leƙa robar ruwan lagireto, kada ka ga maiƙo yana yawo a sama. A dizal, haska fitila gindin nozuloli. In ka ga wani baƙin abu ya taru ya daskare kamar gawayi, wanshar nozul tana yoyon hayaƙi, kuma ciro nozul ɗin da ya manne haka aiki ne mai cin rai.

Zagaya baya ka shafa yatsa a cikin bakin salansa. Motar da aka ƙera da matatar toka, in matatar tana nan lafiya, yatsanka zai fito kusan fes. In ya fito baƙi wuluk, ko an cire ta ko ta fashe.

Yanzu shiga ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilun dashbod su kama duka: ta injin, ta baƙin mai, ta batir, ta jakar iska, a dizal kuma har da mai kama da lanƙwasasshiyar waya, wato ta hita, abin da ke ɗumama silinda kafin tayarwa. Fitilar da ba ta kama ba a wannan lokaci ita ce abar tsoro, domin akwai masu cire ƙwanta ko su liƙe ta don kada ta tona asiri. Jira ta hita ta mutu, sannan ka tayar, tagar a buɗe, rediyo a kashe, abokin tafiyarka yana tsaye a baya yana kallon salansa.

Lafiyayyen injin, fetur ko dizal, yana kamawa cikin daƙiƙa biyu ko uku. A fetur, ka saurari wata ƙara kamar ana jan sarƙa a daƙiƙun farko, alamar kacar taimin ta saki. In injin yana tsalle-tsalle a tsaye, yawanci fulogi ne ko kwayil, gyara mai sauƙi, amma ka tabbatar kafin ka yarda. A dizal, ƙwanƙwasar da take daidai kamar bugun agogo ba komai ba ce, wadda ke fita daban da sauran ita ce ta nozul mai ciwo.

Launin hayaƙi yana magana. Shuɗi-shuɗi na nufin injin yana ƙona baƙin mai, ko ta ringi ko ta turbo. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Fari mai yaji lokacin tashi a dizal, mai ne da bai ƙone ba, daga matattun hita, ko nozul, ko matsin da ya ragu. Baƙi na nufin mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Ɗan tururin da ke fita da sanyin safiya ya ɓace nan take, wannan ba komai.

Ga wani gwaji da ba ya buƙatar kayan aiki. Injin yana aiki a tsaye, kwance murfin baƙin mai a hankali ka ɗora shi a bakinsa ba tare da ka ɗaure ba. In ya ɗan yi motsi ya zauna, babu damuwa. In ya riƙa rawa yana neman faɗuwa, hayaƙi yana busowa kamar bututun jirgin ƙasa, ringi sun cinye, matsi yana tserewa ƙasa. Injin dizal da ya rasa matsi ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Rufe bonet ka yi sallama.

Mataki na bakwai: tuƙa ta da kanka, kuma ka daɗe

Zagaye ɗaya a unguwa ba gwaji ba ne. Ka nemi aƙalla rabin awa, da cunkoso da buɗaɗɗen titi da tudu in akwai. A giya ta uku ko ta huɗu, daga ƙaramin gudu, danne totur har ƙasa. Ƙarfin ya zo a miƙe. In ya zo ya yanke kwatsam motar ta yi laƙwas, kwamfutar ce ta rage ƙarfi don kare injin, kuma dalilin yakan kasance turbo, EGR ko matata. Ɗan siririn fito daga turbo daidai ne, kuka mai kama da jiniya alamar ya kusa tafiya. In allurar juyin injin ta haura amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa.

Dizal mai giyar hannu tana da wani abu da ake yawan mantawa da shi: faifan fulayiwil mai ɓari biyu, da sifirin a tsakani don shanye girgizar injin. In ya gaji za ka ji kakkarwa lokacin da kake sakin kuloci, da ƙarar ƙarfe lokacin tayarwa da kashewa. Ana canza shi tare da kuloci ne, sai an sauke giyabos, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba.

Idonka ya riƙa komawa kan allurar zafi. Ta hau tsakiya ta tsaya cak. Bayan ka dawo, bar injin yana aiki minti biyar ka ji fanka ta kama, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. A fetur, warin ruɓaɓɓen ƙwai daga salansa ko ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin mota na nuna tukunyar tace hayaƙi ta lalace. Ka sa bakanike ya duba ko tana nan ma, domin tana ɗauke da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, kuma ana yawan fafe ta kafin a sayar da mota.

Mataki na takwas: na'ura da takardu

Motocin Amurka tun 1996, na fetur a Turai tun 2001, na dizal tun 2004, duk suna da soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar karanta matsalolin mota, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Ka zo da wanda zai jona na'ura. Rashin ganin lambar matsala bai isa ba, domin ana iya goge su minti biyar kafin ka iso. Na'urar tana nuna ko gwaje-gwajen cikin gida na motar sun kammala tun bayan gogewar ƙarshe. In yawancinsu ba su kammala ba, an goge wani abu kwanan nan, ko an cire batir, sai ka tambayi dalili. A dizal ka nemi a karanta maka abu uku: yawan tokar da ke cikin matata, kilomita nawa aka yi tun ƙonawar ƙarshe, da adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa kowane nozul. Nozul ɗin da adadinsa ya yi nisa da na 'yan uwansa yana kan hanya.

Sai takardun sabis. A nan nake sauya ra'ayi sau da yawa, domin tarihin mota ya fi nau'in manta muhimmanci. Dizal mai kilomita 200,000 da aka yi a babban titi, ana juye a kan lokaci, ta fi mai kilomita 70,000 da ta shekara takwas tana zirga-zirgar cikin gari. Ƙarancin kilomita a tsohuwar dizal ta zamani ba abin murna ba ne, abin tambaya ne. Duba wane baƙin mai ake zuba mata, saboda mai matatar toka tana buƙatar irin mai ƙarancin toka, wanda ke da alamar ACEA C a jikin galan. Duba yaushe aka canza filtar mai, da bel ɗin taimin in bel take amfani da shi. In bel ya tsinke injin yana gudu, a yawancin injuna fistin zai daki bawul. Kwatanta kilomitan da ke dashbod da na takardu, da kuma yadda robar feda da sitiyari da kujerar direba suka cinye. In babu takarda ko ɗaya, ka ɗauka ba a yi komai ba, ka cire kuɗin yin duka daga abin da za ka taya.

Yanke shawara

In ka bi matakan nan, yawanci amsar ta riga ta fito da kanta. Ra'ayina, ga mafi yawan masu sayen ƙaramar motar hannu, fetur marar turbo ta fi. Tana shan mai fiye da dizal, amma wannan asara ce da kake gani a hankali kuma kana iya lissafa ta, ita kuwa dizal asararta rana ɗaya take zuwa a dunƙule. Dizal tana da gidanta: mai doguwar hanya, mai ɗaukar kaya, mai babbar mota mai nauyi wadda injin fetur zai shanye masa aljihu, matuƙar yana da inda zai sami mai tsabta da bakanike da ya san aikin. In kuma motoci biyu ne a gabanka, ɗaya da takardu cikakku ɗaya babu, ɗauki mai takardun ko da ba ita ce nau'in da ka fito nema ba, muddin ta dace da tafiyarka.

Makon farko bayan ka saya, yi juye, canza filtar iska da ta mai, ko da mai sayarwa ya rantse jiya aka yi. In dizal ce, kada ka bari tanki ya ƙafe har ƙasa, don famfo zai ja iska da dattin gindi. Ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filta in tana da wurin yin haka. Bayan doguwar tafiya mai zafi, ba turbo kamar minti ɗaya injin yana aiki a tsaye kafin ka kashe. In ka lura fanka tana gudu ba dalili, juyin injin ya ɗan ƙaru, kana jin warin zafi, matatar ce take ƙona toka, ƙara tafiyar minti goma ka bar ta ta gama.

Sannan ka liƙa takarda a murfin tanki, musamman in da fetur ka saba. A yawancin gidajen mai bakin famfon fetur ya fi na dizal siriri, don haka yana shiga tankin dizal ba gardama. In hakan ta faru, kada ka tayar, kada ma ka murɗa makulli, domin a motoci da yawa famfon cikin tanki yana fara aiki tun daga nan. Sa giya a furi, a tura motar gefe, a kira wanda zai zuƙe tankin.